Fuskokin da Kawu ya hana a zubar

Na Allah ne mu, kuma wajensa za mu. Mun faɗi haka a bakin kabari a Maryland, mun sake faɗa a cikin mota. Amma da muka dawo ɗakin Kawu a Alexandria don zaman makoki, sai bakin kowa ya mutu, kuma ba baƙin ciki ne kaɗai ya kashe shi ba.

Kawu mai zumunci ne. Ba suna, ba biki, ba jana'izar da za a yi tsakanin Lanham da Greenbelt a rasa doguwar rigarsa. Shi yake zuwa wa mutane, ba a zuwar masa. Don haka yawancin masu ta'aziyya ranar suka fara taka ɗakinsa, can sama a dogon benen da yake haya. Suna shiga suka tarar da fararen kwalaye dogaye, an jera su jikin bango tun daga ƙasa har kusa da rufi.

Wata Hajiya daga Lanham ce ta buɗe ɗaya tana neman kofuna. Ta saki murfin ta ja da baya.

"Ei! Mutane ne cike da kwali!"

Katuna ne ƙanana, kowanne da fuskar namiji sanye da hular hana sallah, wani riƙe da kulki, wani da ƙatuwar safar hannu. Nan take ƙus-ƙus ya tashi. Wata ta ce ashe caca yake yi. Wata ta ce ita tun da ta ji aikinsa kwashe kayan matattu ne, hankalinta bai taɓa kwanciya da shi ba ko kaɗan. Ɗansa, wanda ya tashi a nan ya kuma zo daga wata jiha mai nisa, ya ce da Turanci katunan wasan besbol ne kawai, na tarawa. Ba wanda ya saurare shi.

Baba Liman, dattijon da ke ja mana sallah, ya daɗe yana kallon kwalayen. Sannan ya juyo gare ni, don ni na tsinci gawar.

"'Yata, a nan ɗakin ya cika?"

Na ce, "A nan, Baba."

Ya girgiza kai. "Mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da ke da hotuna. Allah ya kyauta."

Ni matsoraciya ce tun ina yarinya, kowa a zangon Kumasi ya sani. Amma ban taɓa jin tsoro irin na wannan rana ba. Ina rubuta wannan ne don kada abin da za a tuna da shi game da yayan mahaifiyata ya zama ƙus-ƙus ɗin nan.

Shi ya tarbe ni a filin jirgi farkon zuwana. Kafin in sami aikin kula da tsofaffi, ya ɗauke ni sau ɗaya zuwa nasa aikin. Wani ƙaramin kamfani yake wa aiki, irin waɗanda ake kira idan tsoho ya mutu, 'ya'yansa suna nesa, ana son a sayar da gida. Gidan da muka je, haƙoran roba na mamacin suna nan cikin kofi a banɗaki. Tabaransa na kan jarida. 'Yarsa ta tsaya a ƙofa da waya a kunne, ta yi mana nuni da hannu cewa mu kwashe duka. Aka ajiye wani ƙaton akwatin ƙarfe na shara a bakin titi, muka yi ta jifa a ciki: hotunan aure, takalma, lambobin yabo, barguna. Kafin la'asar gidan ya zama kamar ba a taɓa yin tari a cikinsa ba.

Muka kama hanyar komawa. Kawu yana tuƙi ya ce, "Kin gani ko? A ƙasar nan ba kabari ne ke cinye mutum ba. Bola ce."

Wannan tsoron shi ya zauna masa har ƙarshen rayuwarsa. Matarsa ta rasu tuntuni, ɗansa ya yi nisa, shi kaɗai yake kwana yake tashi. Kullum bayan sallar asuba sai wayata ta yi ƙara.

"'Yata, kin tashi lafiya? To, ba a kwashe ni ba tukuna."

In ce, "Haba Kawu, wace irin gaisuwa ce wannan da sassafe?"

Ya yi dariya ya kashe. Ni kuwa ba dariya nake yi ba. Idan wayar ta ɗan makara, sai in kasa ɗauke ido daga kanta.

Yadda ya fara da katunan, shi da kansa yake ba da labarin yana yi wa kansa tsiya. A wani gida ya tsinci kwalin takalmi cike da su. Ya tambayi masu gida, suka ce shara ce. Ya ga suna da launi, sai ya cusa su cikin durom ɗin kayan da yake aikawa gida, ya ce yaran zango su yi wasa. Guda ɗaya ya maƙale a aljihun rigar aikinsa. Bayan watanni, a wata kasuwar ƙarshen mako da masu tara kati suke ci a zauren wani otal, inda aka tura shi kai tebura, ya ciro shi ya nuna wa wani tsohon Bature mai rumfa. Tsohon ya karɓa da yatsu biyu.

"Ina sauran?"

Kawu ya ce, "Suna Kumasi."

Da ya buga waya gida, aka ce ai yara sun yi wasa da su, mata sun hura gawayi da wasu, ruwan sama ya gama da ragowar. Kawu yakan ce, "Duk wanda yake neman katunan shekarar nan ya rasa, ya zo ya kama ni. Da hannuna a ciki."

Tsohon nan shi ya zama amininsa, shi ya koya masa. Kawu kuma ya addabe ni da karatun duk ranar da na kai masa tuwo. Ya ce ba kowane tsohon kati ne ke da wuyar samu ba. Akwai shekarar da aka buga su kamar ƙasa, yau ma ko'ina ka juya za ka gani. Akwai kuma shekarar da za ka tsufa kana yawo ba ka haɗa jerinta ba. Ko a shekara ɗaya ma ba daidai suke ba. Kowane kati da lambarsa a baya, kuma kashi-kashi ake fitar da su, daga farkon kakar wasa zuwa ƙarshenta. Kashin farko yara na ɗoki, kowane shago ya sara. Kafin kashin ƙarshe ya fito an koma makaranta, hankali ya koma kan wani wasan, masu shago sun ƙi karɓa, sai a buga kaɗan. Kaɗan ɗin ma yara suka ɗaure da roba, suka maƙala a wayar keke don ta yi ƙara, iyaye mata suka share ragowar ranar da ɗa ya bar gida. Shi ya sa manyan lambobi, na ƙarshen jeri, su ne masu tarawa suke nema ido rufe.

Yakan ɗaga yatsa ya ce, "Abu ba ya ƙaranci don an so shi. Yana ƙaranci ne don an raina shi."

Abin dariyar, Kawu bai san wasan ba ko kaɗan. Ƙwallon ƙafa ya sani. In na ga ana besbol a talabijin in ce, "Kawu, wa ke ci?" Sai ya leƙa ya ce, "Wancan mai gudun. In ba shi ba, to ɗayan." Sunayen mutanen da ke jikin katunan ma murɗe su yake yi yadda iyayensu ba za su gane ba. Amma lambobin da suka yi wuya yana riƙe da su kamar sunayen 'yan'uwansa.

Bai taɓa ɗaukar ko kati ɗaya bai tambaya ba, ina son masu ƙus-ƙus su ji wannan. Akwai ranar da ya tsinci wani ƙulli a rufin wani gida, a ciki har da wata babbar lamba da ya yi shekaru yana nema. Ɗan mamacin, wani mai furfura, ya riga ya ce a zubar da komai. Kawu ya bi shi har mota ya ce, "Duba wannan tukuna." Mutumin ya kwance robar, ya ga katunan yarintarsa, ya zauna a bakin titi yana kuka. Ya tafi da abinsa. Da Kawu ya ba ni labari na ce, "Kai ma dai! Ai ya ce a zubar."

Ya ce, "Bakinsa ne ya ce. Shi bai ce ba."

Abubuwa sun canja ne bayan ya bar aiki. Maƙwabcinsa na ƙofa da ƙofa, wani tsoho shi ma shi kaɗai, ya mutu a ɗaki ba wanda ya sani sai da wari ya fito. Kawu ya tsaya a ƙofarsa yana kallon wasu samari suna jan baƙaƙen ledoji zuwa ƙarshen baranda. A can akwai wata ƙaramar ƙofar ƙarfe a bango, inda ake zura shara ta faɗa har ƙasan bene, cikin injin da ke matse ta. Ya ce duk ledar da aka saki yana jin saukarta a cikinsa. Ya kira ni da rana tsaka, abin da ba ya yi.

"In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa," ya ce. "In wani zai zo daga gida, a kawo mini tawada da alƙalamin kara."

Aka kawo. Bayan 'yan makonni na je kai masa abinci, tun daga lif nake jin hayaniya. Tsohon Baturen ne a tsaye a tsakar ɗaki, fuskarsa ja wur, yana riƙe da kati ɗaya ta baya. Kawu na zaune da kwalbar tawada a gabansa, ya baza katuna a kife suna shan iska. A gefen kowanne akwai layin rubutun ajami, siriri, baƙi.

Tsohon yana ihu da Turanci. "Ka kashe su! Ka san irin wahalar da muka sha kafin mu haɗa waɗannan? Katin da aka yi wa rubutu ba wanda zai kalle shi. Mutane na nema ba su samu ba, kai ka samu ka ɓata!"

Kawu bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Na san mutanenka, na san mutanena. Naka za su sayar. Nawa za su zubar."

Tsohon ya ajiye katin a hankali, ya ɗauki hularsa ya fita. Bai sake taka ɗakin ba. Ranar jana'iza na hango shi can nesa bayan sahu, hula a hannu, yana kukan da ya fi na wasunmu.

Ranar rigimar na matsa in ga rubutun, sai Kawu ya sa tafin hannu ya rufe.

"Lokacin karanta shi bai yi ba."

Na ja da baya. Ni karatun allona bai yi nisa ba, rubutunsa kuma ƙanana ne a cuɗe, ko ya bar ni ba lalle in iya ba. Amma na tashi a zango, na san akwai masu rubutu a jikin abubuwa su ɓoye, na kuma san ba duka ne alheri ba. Ga tsoho da tsoron mutuwa ya kama, ga fuskokin mutanen da yawancinsu sun mutu, ga tawada. Zuciyata ta raya mini cewa tsoro ya tura Kawu ga tsibbu. Ban gaya wa kowa ba. Daga ranar, in na shiga ɗakin, ina zama ne inda bayana ba zai juya ga kwalayen ba.

Safiyar da wayar ba ta yi ƙara ba, ina gidan wata tsohuwa da nake kula da ita a Greenbelt. Na kira, na sake kira. Na roƙi abokiyar aikina ta riƙe mini, na hau babban titi, cunkoso ya tsare ni, ina ta salati ina dukan sitiyari. Manajan bene ya buɗe mini ƙofa. Kawu na kan dardumarsa, ya kishingiɗa jikin gado, carbi a hannu. Jikinsa bai gama sanyi ba. Kwalayen duk a rufe suke, kamar kullum.

Ranar addu'ar uku aka shirya saukar Alƙur'ani a ɗakin. Baba Liman ya iso da wuri, ya tsaya a ƙofa ya ƙi shiga.

"Ba za mu buɗe Littafin Allah a gaban waɗannan ba. A fitar da su. Mu rage wa bawan Allah nauyi, ba mu san abin da yake ciki yanzu ba."

Aka dubi ɗan Kawu. Shi jirginsa yake tunani, da ɗakin da dole a mayar wa masu bene kafin ƙarshen wata. Ya sunkuyar da kai ya ce da Turanci duk yadda dattawa suka ga ya dace. Aka kawo baƙaƙen ledoji.

Ina tsaye a kicin da ludayi a hannu, gaba kura baya sayaki. In na yi shiru, abin da Kawu ya yi shekaru yana gudu zai same shi, kuma da hannun mutanensa. In na ce akwai rubutu, Baba Liman zai karanta a gaban kowa, kuma in abin da nake tsoro ne, na tona asirin mamaci kwana uku da binne shi, ba kuma mai sake ambatonsa da alheri daga nan har Kumasi.

Wani daga cikin mazan ya juye kwali ɗaya cikin leda ya fita baranda. Na ji ƙarar ƙofar ƙarfen. Na ji ledar tana dukan bango tana sauka, tana sauka, har ta yi shiru. Kawu bai yi ƙarya ba, a ciki ake jinta.

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Na fito da ludayin a hannuna.

"Baba, ku tsaya. Akwai rubutu a bayansu. Rubutun ajami ne, da hannunsa."

Kowa ya juyo gare ni. Hajiyar Lanham ta dafe ƙirji ta ce, "Na faɗa muku!" Baba Liman ya miƙa hannu daga bakin ƙofa, aka ɗora masa kati ɗaya. Ya ciro tabarau. Ya juya fuskar mutumin ƙasa, ya kai bayan katin kusa da ido. Na rufe nawa idon. Na ji leɓɓansa suna motsi, sannan ya karanta a fili, a hankali:

"Bismillahi. Ya Allah ka ji ƙan wanda ya ajiye wannan, da wanda ya tsince shi."

Kafin kowa ya yi tunani, ɗakin gaba ɗaya ya ce, "Amin." Har da Hajiya.

Baba Liman ya karɓi wani, ya karɓi wani. Duk abu ɗaya ne. Sai ya ɗago ya dubi mutumin da ya dawo daga baranda hannu wofi.

"Sunan Allah ka jefa a bola?"

Ban taɓa ganin dattijon nan yana sauri ba sai ranar. Ya tattara babbar rigarsa ya nufi lif, maza suka bi shi, ni ma na bi. Muka tarar da manaja, ɗan Kawu ya yi masa bayani, manajan ya ruga ya kashe injin kafin ya matse. Ɗakin sharar yana ƙasan bene, wari kamar ya kayar da mutum. Ledar ta fashe a hanya, katunan sun watse cikin ragowar abinci da ƙunzugun jarirai.

Baba Liman ya cire agogonsa, ya naɗe hannun farar rigarsa. Aka ce, "Baba, bari mu yi." Ya ce, "Ni na ce a zubar." Ya sunkuya ya fara tsinta. Sauran maza suka shiga, manya da su, masu furfura, cikin kayan da suka saka don saukar Alƙur'ani. Kowa ya ciro kati sai ya goge a jikin rigarsa, ya juya bayansa. A zango haka aka tarbiyyantar da mu: takardar da ke da baƙin Larabci ba a barinta a ƙasa, kuma ido ba ya sauka a kanta baki bai motsa ba. Ina tsaye a ƙofa ina jin su, wannan ya karanta, wancan ya ce amin, wancan ya karanta, wannan ya amsa. Ɗan Kawu, da ba ya iya karantawa, yana tsinta yana miƙa wa Baba Liman yana cewa amin da sauran. A nan na yi kukan da ban samu na yi a maƙabarta ba.

Da muka hau sama na tambayi Baba Liman abin da ya hana ni barci, ko mala'iku sun shiga wajen Kawu. Ya juyo ya dube ni.

"'Yata, ni abin da na karanta na faɗa. Abin da ya faru a ɗakin nan, Allah ne masani. Amma waɗannan ba za su shiga bola ba ina raye."

Ba mai wurin ajiye kwalaye masu yawa haka, sai aka raba. Kowane gida ya ɗauki nasa. Jerin da Kawu da amininsa suka yi shekaru suna haɗawa ya watse tsakanin Lanham da Greenbelt da Alexandria, cikin akwatunan da ake ajiye Alƙur'ani da lalle da takardun haihuwa. Na san wani mai tarawa yana can yana neman waɗannan manyan lambobi, kuma ba zai samu ba.

Har yanzu bayan asuba idona kan kai kan waya. Akwai kati ɗaya a jakata, wani mutum mai kunnuwa fata-fata da ban san sunansa ba, da ɗan tabon miya a kusurwa. Na zauna na koyi layin da ke bayansa baƙi bayan baƙi, har na iya. Ku da kuka karanta wannan, ku ma kun tsinta. Ku ce amin.